Daga ɗakin ibadar Cao Dai zuwa ramukan Cu Chi: Tafiyar yini guda cikin tarihin Biyetnam

Kullum da misalin ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, motocin bas kan bar tsakiyar birnin Ho Chi Minh, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Saigon, su nufi arewa maso yamma, wajen iyakar Kambodiya. Fasinjojin baƙi ne daga ƙasashe daban-daban, kowace mota da ɗan jagoranta. Wurare biyu suka dosa: babban ɗakin ibadar addinin Cao Dai a Tay Ninh, da ramukan ƙarƙashin ƙasa na Cu Chi, inda mayaƙan Biyetnam suka shafe shekaru suna fakewa suna yaƙar Faransa, daga bisani kuma Amurka.

Biyetnam ba baƙuwa ba ce ga 'yan kasuwar Najeriya, musamman masu harkar ɗanyen kashu, wanda masana'antun ƙasar ke saye daga Afirka ta Yamma. Duk wanda harka ta kai shi Saigon kuma ya samu rarar yini guda, da wuya otal ɗinsa bai tallata masa wannan tafiya ba. Amma wanda ya je bai san tarihin wuraren ba, hotuna kawai zai dawo da su. Wuraren biyu na nuna hanyoyi biyu da mutanen yanki guda suka bi domin tsira a ƙarƙashin mulkin mallaka da yaƙi: wasu suka kafa addini har da rundunarsa, wasu kuma suka shige ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin sammako

Ibadar ƙarfe 12 na rana ce ke tsara tafiyar baki ɗaya. Mabiya Cao Dai na taruwa sau huɗu a kullum: ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma da 12 na dare. Ta tsakar rana ce kaɗai ta dace da baƙon da zai je ya dawo a yini guda. Tay Ninh na da nisan kusan kilomita 100 daga Saigon, kuma cunkoson babura da manyan motoci kan sa tafiyar ta kai sa'o'i biyu da rabi ko uku. Shi ya sa akasarin kamfanoni ke fara zuwa can, a ci abincin rana, sannan a tsaya Cu Chi a hanyar dawowa, a iso gari bayan faɗuwar rana.

Babbar hanya mai lamba 22 da ake bi ta ratsa gonakin shinkafa da na roba, ta kuma bi ta garin Trang Bang. A can ne ranar 8 ga Yunin 1972 jiragen sojin Kudancin Biyetnam suka jefa bama-baman napalm masu ƙona jiki, inda aka ɗauki hoton da ya girgiza duniya, na yarinya 'yar shekara 9, Kim Phuc, tana gudu a kan titi jikinta a ƙone. Ita da danginta sun fito ne daga wani ɗakin ibadar Cao Dai na garin, inda suka nemi mafaka.

Addinin da ma'aikatan gwamnati suka kafa

An ƙaddamar da Cao Dai, wanda ake furtawa kamar “Kaw Dai”, a Tay Ninh a shekarar 1926, lokacin Faransa na mulkin ƙasar. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa shi ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka ne, ciki har da Ngo Van Chieu, wanda ake ɗauka a matsayin mabiyi na farko. Sun yi iƙirarin cewa suna karɓar saƙonni daga ruhohi, kuma manyan addinan duniya tushensu ɗaya. Don haka suka haɗa koyarwar Buddha da ta Tao da ta Confucius, suka kuma ari tsarin shugabanci irin na cocin Katolika, mai Fafaroma da kadinal-kadinal da bishop-bishop.

An fara ginin babban ɗakin ibadar a farkon shekarun 1930, aka buɗe shi a hukumance a 1955. Yana da hasumiyoyi biyu a gaba kamar coci, rufinsa kuma irin na gine-ginen Sin. A ciki akwai ginshiƙai da aka naɗe da siffofin dodannin almara masu kama da macizai, daɓen kuma yana hawa mataki tara zuwa gaba, inda aka ajiye wata ƙatuwar ƙwallo mai zanen ido guda, alamar addinin. Kusa da ƙofar shiga akwai zanen mutum uku da suke girmamawa: jagoran juyin juya halin Sin, Sun Yat-sen, da marubucin Faransa, Victor Hugo, da wani mawaƙin Biyetnam na ƙarni na 16, Nguyen Binh Khiem.

Lokacin ibada, mabiya kan shigo sahu-sahu cikin fararen tufafi, maza gefe guda, mata gefe guda. Shugabanni na sanye da rawaya, alamar Buddha, ko shuɗi, alamar Tao, ko ja, alamar Confucius. Baƙo kan cire takalmi, ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, ya yi shiru, ya kalla daga inda masu kula suka nuna masa. Ba a tilasta wa kowa shiga ibadar.

Akwai ɓangaren tarihin da ba kowane jagora ke tsayawa a kansa ba. A shekarun 1940 da 1950 Cao Dai na da rundunarta mai dubban dakaru, wadda a wani lokaci ta haɗa kai da Faransa wajen yaƙar 'yan gwagwarmayar Viet Minh, wato waɗanda suka fara haƙa ramukan Cu Chi. Shugaban Kudancin Biyetnam, Ngo Dinh Diem, ya karya lagon rundunar tsakanin 1955 da 1956, jagoran addinin, Pham Cong Tac, ya tsere Kambodiya inda ya rasu a 1959. Bayan nasarar 'yan gurguzu a 1975 gwamnati ta takura wa addinin, sai a 1997 ta amince da reshen Tay Ninh a hukumance. Ke nan wuraren biyu da baƙo ke gani a rana ɗaya sun taɓa zama a ɓangarori masu gaba da juna.

Gari a ƙarƙashin ƙasa

An soma haƙa ramukan Cu Chi, wato “Ku Ci”, a ƙarshen shekarun 1940. Da yaƙi da Amurka ya tsananta a shekarun 1960, mayaƙan Viet Cong da mazauna ƙauyuka suka faɗaɗa su har tsawonsu ya kai kimanin kilomita 250. Da 'yan ƙananan fartanyoyi da kwanduna aka yi aikin, yawanci cikin dare, ana ɓoye ƙasar da aka kwaso a gonaki da koguna da ramukan da bama-bamai suka bari. Ƙasar yankin jan laka ce mai laushi da damina, mai tauri idan ta bushe, abin da ya hana ramukan ruftawa cikin sauƙi.

A wurare da dama ramukan hawa uku ne: na sama kimanin mita 3, na tsakiya mita 6, na ƙasa mita 8 zuwa 10. Akwai ɗakunan kwana da na taro, rijiyoyi, rumbunan makamai da wuraren jinyar waɗanda suka ji rauni. Ƙofofin iska an ɓad da su kamar suri. Murhun girki, wanda ake kira Hoang Cam, yana bi da hayaƙi ta dogayen ramuka, ya fito kaɗan-kaɗan nesa da madafa, yadda jiragen sama ba za su gane wurin ba.

Rayuwa a ciki azaba ce. Iska ba ta wadatarwa, ga kunamu da macizai da tururuwa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya halaka mutane da yawa. Idan luguden wuta ya yi tsanani, mutum kan yi kwanaki bai ga rana ba.

Amurka ta yi iya ƙoƙarinta. A Janairun 1966 dakarunta da na Ostireliya suka kai farmakin da suka kira Crimp. A Janairun 1967 aka kai na Cedar Falls da sojoji kusan 30,000, aka kwashe mutanen ƙauyen Ben Suc, aka rushe shi. An yi amfani da karnuka da hayaƙi mai sa hawaye, aka kuma tura sojoji masu ƙananan jiki, waɗanda aka laƙaba wa “ɓerayen rami”, su shiga da tocila da ƙaramar bindiga. Hatta sansanin Runduna ta 25 ta sojin ƙasan Amurka a kan wani sashe na ramukan aka gina shi. Duk da haka, yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka shirya harin da aka kai Saigon lokacin bikin sabuwar shekara na Tet a 1968. Daga baya jiragen B-52 suka ragargaza sassa masu yawa na ramukan, amma yaƙin ya ƙare da faɗuwar Saigon ranar 30 ga Afrilun 1975.

Abin da baƙo ke gani a yau

Wurare biyu aka buɗe wa masu ziyara: Ben Dinh, mai nisan kimanin kilomita 50 daga birni, inda akasarin motoci ke tsayawa, da Ben Duoc, kimanin kilomita 70, inda aka gina wurin tunawa mai ɗauke da sunayen dubun-dubatar waɗanda suka mutu. Jagora kan share ganyaye ya ɗaga wani ɗan murfi, ya nuna ƙofar da kafaɗun mutum ke wucewa da ƙyar. Ana nuna tarkuna masu tsinin gora, da takalman da aka yanka daga tsohuwar taya, da wata tankar Amurka da nakiya ta lalata. A ƙarshe a ba baƙo shayi da dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa, abincin da mayaƙan suka rayu a kansa.

Abubuwa biyu ya kamata mai ziyara ya riƙe. Na farko, sashen da ake shiga an faɗaɗa shi, an sa masa fitilu da ƙofofin fita a kai a kai, don haka wahalar da baƙo ke sha cikin 'yan mintuna somin-taɓi ce kawai. Na biyu, labarin da ake bayarwa na ɓangaren da ya yi nasara ne, kamar yadda tsohon fim ɗin farfaganda da ake nunawa ke tabbatarwa. Ba a cika jin muryar 'yan Biyetnam da suka yi yaƙi a ɓangaren Kudu ba. Akwai kuma filin harbi inda baƙo ke biyan kuɗin harsashi ya harba AK-47, abin da wasu ke ganin bai dace da wurin da aka zubar da jini mai yawa ba. Amurka ta rasa sojoji fiye da 58,000 a yaƙin, yayin da gwamnatin Biyetnam ta ƙiyasta a 1995 cewa fararen hula kusan miliyan 2 da mayaƙanta miliyan 1.1 ne suka mutu.

Kafin a hau mota

Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko tsoron matsattsen wuri, gara ya tsaya a sama, ba abin da zai rasa na bayani. Damina kan kama daga Mayu zuwa Nuwamba, lokacin da taɓo da sauro ke yawaita, don haka takalmi rufaffe da man korar sauro na da amfani. Ya kamata a tambayi kamfani tun farko ko kuɗin ya haɗa da tikitin shiga da abinci, da kuma wanne daga cikin wuraren biyu na Cu Chi za a je. Naman alade ya yi yawa a girkin ƙasar, saboda haka Musulmi zai iya yin guzuri daga gidajen abincin halal da ke kusa da babban masallacin Saigon a titin Dong Du, ko ya nemi abincin ganyayyaki, wanda ba ya wuya a Tay Ninh domin mabiya Cao Dai na ƙaurace wa nama a wasu kwanaki na kowane wata.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A Cu Chi kuwa sai an haɗa gani da tambaya: wane ne ya haƙa, wane ne ya mutu, kuma labarin wa aka bari a baya.