Hanci Ne Ke Fara Sha

A manyan otal-otal na Landan da New York, mai haɗa abin shan nan da ake kira koktel ba ya gaggawar miƙa kofi. Sai ya ɗauko 'yar kwalba mai kan feshi, irin ta turare, ya fesa sau ɗaya ko biyu a saman abin shan. Wanda bai sani ba zai ɗauka burga ce, alhali akwai ilimi a ciki.

Ɗanɗano biyar kacal harshe ke ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da daɗin nan irin na romo. Sauran abin da muke kira daɗi aikin hanci ne, wanda ke da ƙwayoyin gane ƙamshi kusan iri 400. Binciken yadda suke aiki ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka samu kyautar Nobel a 2004. Da yake daɗi aikin hanci ne, shi ya sa mai mura ke cin tuwo da miyar kuka ya ce salam yake ji.

Feshin na ajiye ƙamshi a sama, daidai inda hanci zai tarar da shi, ba tare da ya sauya ɗanɗanon abin da ke cikin kofi ba. A birnin New Orleans na Amurka akwai haɗin Sazerac, wanda aka ayyana a matsayin koktel ɗin birnin a 2008. Da can akan zuba giyar absinthe mai kaifin ƙamshi a kofi, a jujjuya, a zubar. Yau da yawa fesawa suke yi, babu asara.

Ni dai ba mashayin barasa ba ne, kuma dabarar ba ta bukatar ta. A zoɓo nake yin ta. Idan ka tsiyaya ruwan wardi a cikin jug, da ya ɗan yi yawa sai zoɓon ya koma kamar sabulu a baki. Amma feshi ɗaya a bakin kofi, tsamin na nan daram, ƙamshin kuma ya riga shi isa.

Ko kwalbar ma ba dole ba ce. Yanko ɓawon lemon zaƙi, ka juya bayansa ya kalli kofin, ka matse da yatsu biyu. Za ka ga wata siririyar raɓa ta fito, sannan ɗigon mai na ƙyalli a saman zoɓon. Nan take za a sha, don ƙamshin ba ya jira.

Sai dai a kula. Turaren jiki ba na ci ba ne, haka kwalbar da ya taɓa zama a ciki. A sayi sabuwa, a wanke, a zuba abin da aka yi domin abinci kawai.