Ƙarancin jini: Yadda rubutun katin asibiti ke ɓoye ainihin ciwon majinyata a Kano

A asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje na Fagge da Sabon Gari, ba kasafai ake wuni ba a ce wa wani "jininka ya yi ƙasa" ba. Mai juna biyu ta ji, uwar yaron da zazzaɓi ya galabaitar ta ji, mai amosanin jini ma ya ji. Magana ɗaya ce, amma ciwon daban-daban ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tana da kundin da ya bai wa kowace cuta lambarta, wanda ake kira ICD. A bugu na 10, ƙarancin jinin da rashin sinadarin ayon ya haddasa D50 ne, amosanin jini D57, wanda ya biyo bayan zubar jini mai yawa D62, na mai juna biyu kuwa O99.0. Sai D64.9, wadda ake bai wa ƙarancin jinin da ba a faɗi dalilinsa ba.

Nan gizo ke saƙar. Ma'aikacin ɗakin kati ba shi ke duba majinyaci ba, abin da likita ya rubuta shi yake mayarwa lamba. Idan likita, da dogon layi a gabansa, ya rubuta "ƙarancin jini" kawai ya ɗora sakamakon gwajin PCV, babu inda za a kai wannan kati sai D64.9. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya cinye wa jini kuma, wani ma'aikacin zai shigar da zazzaɓin kaɗai, wani ya shigar da duka biyun. A ƙarshen wata alƙaluman su tafi rumbun bayanan lafiya na ƙasa, DHIS2, da wannan saɓanin a cikinsu.

Shi ma ma'aunin ba ɗaya ba ne. WHO ta ɗora iyakarta a kan sinadarin himogulobin: ƙasa da giram 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace. A 2024 ta sake duba na masu ciki, ta bar 11 a farko da ƙarshen ciki, ta sauke shi zuwa 10.5 a watanni ukun tsakiya. Asibitin da ke kan tsohon ma'auni zai ƙirga matan da maƙwabcinsa ba zai ƙirga ba.

Yankin nan ya fi ko'ina nuna matsalar, saboda yadda jama'a ke zirga-zirgar neman magani. Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai yi gwaji a ɗakin gwaji mai zaman kansa a Sabon Gari, ya sayi maganin ƙarin jini a kemis, in abin ya ci tura ya nufi asibitin gwamnati a buɗe masa sabon kati. Daga nan wataƙila a tura shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Mutum ɗaya, kati uku, kuma ba lallai su faɗi abu ɗaya ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Duk mai son rage wannan adadi sai ya san nawa ne na ƙarancin abinci mai gina jiki, nawa na sauro, nawa na gado. Ƙwayar ayon tana gyara na farko. Ga mai amosanin jinin da aka sha yi wa ƙarin jini kuwa tana iya zama illa, domin ayon ya riga ya taru masa a jiki.

Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a Mayun 2024, ciki har da gwajin rukunin jini na gado. Nan da wasu shekaru za a so a san ko jariran da ake haifa da amosanin jini sun ragu, kuma a katunan asibiti za a nemi amsar.

Sabon bugun kundin, ICD-11, ya fara aiki tun 1 ga Janairun 2022, kuma ya sauya lambobin: D50 ta koma 3A00, D57 ta koma 3A51. Asibitin da zai koma kansa dole ya daidaita tsofaffin bayanansa da sabbin lambobin. Katin da tun farko ba a rubuta dalilin ciwon a kansa ba kuwa, haka zai shiga kwamfuta.