Samaru, Zariya

Samaru gari ne da ke ƙaramar hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna, a arewacin Najeriya. Yana arewa maso yammacin birnin Zariya, a kan titin da ya nufi Funtuwa da Sakkwato. An fi sanin garin da kasancewarsa mazaunin babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona da ake kira IAR. Samaru misali ne na garin jami'a, wato garin da yawan jama'arsa da cinikin kasuwarsa da kuɗin hayar gidajensa suka rataya a kan makarantar da ke cikinsa. Babban titi ne kaɗai ya raba harabar jami'ar da unguwannin garin, kuma jadawalin karatun da ake bi a tsallaken titin shi ke tsara shekarar mai shago da mai gidan haya da ɗan acaba.

Tarihi

Alaƙar Samaru da ilimin zamani ta faro ne daga noma. A shekarar 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken aikin gona a wurin domin lardunan Arewa. Wannan tasha ce daga baya ta zama cibiyar IAR, wadda sunan garin ke biye da irin shukar da take fitarwa: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. A shekarun 1950 aka gina reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya a Samaru. A nan ne wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka yi ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958.

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, ta gaji gine-ginen kwalejin, aka sanya mata sunan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Shugabanta na farko shi ne Norman Alexander, sannan Ishaya Audu ya gaje shi a 1966, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya riƙe muƙamin. Gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar a 1975. Ban da harabar Samaru, akwai ta Kongo a cikin Zariya, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, da kuma asibitin koyarwa a Shika. Yayin da jami'ar ke faɗaɗa, sai unguwanni irin su Hayin Dogo da Danraka da Bomo da Zango da Palladan suka cika da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa.

Sharuɗɗan samun gurbin karatu

Hanyar shiga jami'ar iri ɗaya ce da ta sauran jami'o'in tarayya. Ana buƙatar ɗalibi ya samu kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, kuma yawancin fannoni na neman Turanci da lissafi su kasance a ciki. Sai jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa a kwamfuta, Turanci dole ne a cikinsu, jimillar maki kuwa 400 ne. Wanda ya kai makin da jami'a ta yanka sai ya zo tantancewar da jami'ar ke yi da kanta.

Akwai kuma shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga masu difloma ko shaidar malanta ta NCE ko sakamakon IJMB, jarrabawar share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Jami'ar na da makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa.

Cin jarrabawa ba shi ne samun gurbi ba. Bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya, ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Masu neman likitanci da shari'a da haɗa magunguna sun ninka guraben da ake da su, saboda haka ɗalibai da dama kan karɓi wani fannin da ba shi suka nema ba, ko su sake jarrabawa shekara mai zuwa.

Tsarin karatu da lissafin maki

Shekarar karatu zango biyu ce. Yawancin digirin fasaha da kimiyya da ilimin zamantakewa shekara huɗu ne, injiniya da shari'a da aikin gona biyar, likitancin mutane da na dabbobi shida. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, gwargwadon awannin da ake koyar da shi a mako. Ban da kwasa-kwasan sashensa, dole ɗalibi ya ci darussan gama-gari da ake kira GENS, kamar Turanci da sanin al'adun Najeriya da koyon dogaro da kai.

Makin kowane kwas 100 ne. Ana ware wani kaso ga gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango, kaso mafi girma kuma ga jarrabawar ƙarshe. Ƙa'ida ta tanadi ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin ya zauna jarrabawa. A ma'aunin maki biyar, wanda ya samu 70 zuwa sama ya ci A mai daraja 5, sai B daga 60 zuwa 69 mai daraja 4, sai C daga 50 zuwa 59 mai daraja 3, sai D daga 45 zuwa 49 mai daraja 2, sai E daga 40 zuwa 44 mai daraja 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce.

Ana fitar da matsakaicin maki ne ta hanyar ninka darajar kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit. Misali, ɗalibin da ya ci B a kwas mai yunit 3 yana da 12, idan ya ci A a mai yunit 2 yana da 10, idan ya faɗi wani mai yunit 3 ba shi da komai a nan. Jimilla 22 ke nan, a raba da yunit 8, ya tashi da 2.75. Wannan ya nuna yadda faɗuwa ɗaya ke janyo sakamakon zango gaba ɗaya ƙasa. Matsakaicin duk shekarun karatu, wato CGPA, shi ke yanke darajar digiri: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Wanda ya faɗi kwas na dole sai ya maimaita shi a shekara mai zuwa, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Idan bai gama biyan irin wannan bashi ba har ajin ƙarshe, abokan karatunsa za su fita su bar shi, ya ƙara zango ko shekara, da sabon kuɗin rajista da na ɗaki. A fannonin kimiyya da ƙere-ƙere akwai watannin koyon aiki a masana'antu ƙarƙashin shirin SIWES, kuma kowane ɗalibi kan rubuta kundin bincike a shekararsa ta ƙarshe.

Rayuwar yau da kullum

A cikin harabar akwai gidajen kwanan ɗalibai masu ɗauke da sunaye irin su Amina da Suleiman da Ribadu da Alexander da Ɗanfodiyo da Akenzua, da waɗanda Gidauniyar Ɗangote ta gina. Gadajen ba sa isar kowa. Wanda bai samu ba ko dai ya raɓa a ɗakin aboki, ko ya kama haya a cikin gari, inda mutum biyu ko uku kan haɗa kuɗi su biya ɗaki ɗaya na shekara. Ɗakin da ke kusa da ƙofar jami'a, mai rijiya ko famfo, ya fi na nesa tsada.

Ranar ɗalibi kan fara da layin ɗibar ruwa da sammakon kama wurin zama, domin a kwasa-kwasan aji ɗaya ɗaruruwan mutane ke cika zauren lakca guda. Ruwan harabar daga madatsar Kubanni ake samo shi. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim shi ne babba a jami'ar, kuma idan jarrabawa ta matso, ajujuwa kan zama wurin karatun dare har zuwa asuba, ko da a cikin sanyin hunturu ne. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na sassa su ne wuraren da baƙo ke fara samun jagora, kuma a nan ne manyan ɗalibai ke yi wa na ƙasa bitar darussa.

Kasuwanci

A shekarun farko jami'o'in tarayya na ciyar da ɗalibai a kan farashi mai rahusa. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini na cikin abin da ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta 1978 da aka sani da "Ali Must Go", lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke kwamishinan ilimi na tarayya, inda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye daga ciyarwar. Tun daga nan cikin ɗalibi ya koma hannun 'yan kasuwa: masu gidajen abinci, masu shayi da indomi, masu ƙosai da awara da masa, masu shinkafa da wake, mahauta masu tsire, da matan Fulani masu kawo fura da nono daga rugagen da ke kewaye. Masu girki da kansu kan sayi hatsi da kayan miya a kasuwar Samaru ko a 'yar kasuwar da ke cikin harabar.

Kusan kowane sharaɗin karatu ya haifar da tasa sana'ar. Rajista ta intanet ta samar da shagunan kwamfuta masu cike fom da buga takardar biyan kuɗi, da masu ɗaukar hoton fasfo. Ƙarancin littattafai ya raya masu injin kwafin takardu, waɗanda ke ajiye bayanan lakca da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Kundin ajin ƙarshe ya ba masu buga rubutu da masu ɗinke littafi aikin yi. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya kawo masu cajin waya da janareta, nisan banki da layinsa kuma ya kawo masu POS. Ɗalibai ma ba a bar su a baya ba: wasu na sayar da data da turare da tufafi, wasu na aski ko kitso ko ɗinki don su biya kuɗin makaranta.

Cinikin yana da lokutansa. A makonnin rajista ake sayar da katifa da bokiti da risho da tukwane. A tsakiyar zango, idan guzuri ya ƙare, bashi kan yi yawa a littafin mai shago. Lokacin jarrabawa kasuwar mai shayi da mai kwafin takarda ke ci har tsakar dare, ranar bikin yaye ɗalibai kuma ta masu hoto da masu masauki ce.

Harsuna

Hausa ce harshen ciniki a Samaru, Turanci kuma harshen aji. Tsakanin ɗaliban da suka fito daga sassa daban-daban na ƙasar ana yawan jin Turancin buroka, tare da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da harsunan kudancin Kaduna da na yankin tsakiyar Najeriya. Ɗalibai Hausawa kan gauraya Hausa da Turanci a jimla guda, salon da ake kira Ingausa, kuma kalmomin aro irin su lakca da kwas da tes sun zauna a bakin har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Baƙi da yawa a bakin mai shago da ɗan acaba suke koyon Hausarsu ta farko, wato gaisuwa da ƙidaya da neman ragi.

Yajin aiki da tasirinsa

Dogaron garin a kan jami'a ya fi fitowa fili idan aka rufe ta. A 2020 annobar korona ta haɗu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya ɗauki kimanin wata tara, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 an sake wani yajin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A irin wannan lokaci ɗalibai kan koma gida, shagunan kwafi da gidajen abinci su rufe ko su sallami yaransu, 'yan acaba da masu adaidaita sahu su koma neman fasinja a Sabon Gari da Kwangila. Saɓani kan taso tsakanin masu gidaje da ɗaliban da kuɗin hayarsu ya ƙare alhali ba su zauna a ɗakin ba.

Ga ɗalibi, asarar ta wuce ta kuɗi. Digirin shekara huɗu kan kai biyar ko shida, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa ta NYSC, sai dai a ba shi takardar yafewa. Bayan an janye yajin, akan matse zangon karatu don a cike giɓi, abin da ke rage makonnin koyarwa ya kuma matso da jarrabawa kusa.

Cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na abinci, kuma jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a wannan tsakanin. A 2024 asusun ba da lamunin karatu na NELFUND ya fara aiki, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibin da ya nema kuɗin kashewa na wata-wata, bashin da zai fara biya bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa.