Land Cruiser 200 mai dizal: ƙura da ruwa ne ajalin injinta

Toyota ta ƙera Land Cruiser 200 daga 2007 zuwa 2021. Samfurin dizal na da injin V8 mai lita 4.5 da turbo biyu. Injin na da juriya, amma abu biyu ke saurin kassara shi.

Na farko ƙura. Idan murfin filtar iska bai zauna daidai ba, ƙura kan shige ta cinye fukafukan turbo. Ka riƙa duba filtar akai-akai, musamman da hunturu.

Na biyu ruwa a cikin dizal, mai lalata nozul da famfon mai. Da zarar fitilar gargaɗin filtar mai ta kama, tsaya a tsiyaye ruwan. Kuɗin filta bai kai na nozul ɗaya ba, balle takwas.