Gaskiya ko Jita-jita: Kantu da Takobin Farko na Kokowa

Da kaka ta yi aka ɗaure dammunan gero, hirar matasa a Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa ba ta wuce kokowa. Sai dai wasu maganganun sun daɗe suna yawo har an ɗauke su tarihi, alhali ba haka suke ba.

Ana cewa tunda a Tawa aka buɗe gasar takobi ta ƙasar Nijar, ɗan Tawa ne ya fara ɗaukarsa. Rabin farko gaskiya ne: a Tawa aka yi karon farko a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce. Amma wanda ya fita da takobin baƙo ne, Yakubu Ango Kantu na Maraɗi, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau. Wannan ba abin kunya ba ne ga mutanen Adar, wato yankin Tawa. Kadade Zambo ya zo ya ɗaga sunan Tawa, daga baya Haruna Abdu da Yahaya Kaka suka bi sawunsa.

Nasarar Kantu ta rusa wata magana kuma, wai mai gida ba ya faɗuwa a gidansa. Ihun 'yan gari da kiɗan makaɗa suna ƙara ƙarfin zuciya, babu musu. To amma a ƙarshen 2024, a cikin Doso, gaban jama'arsa, Kadri Abdu na Doso da aka sani da Isaka Isaka, mai takobi 6, ya sha kaye a hannun Abba Ibrahim na Yamai.

Masu cewa a 1975 aka soma kokowa a Nijar su ma sun yi kuskure. Gwamnati ta tarar da ita a dandalin ƙauyuka, ta ba ta doka da alƙalai da takobi.

Inda gardama ta fi zafi shi ne batun asiri. Dubi ɗan kokowa sa'ad da zai shiga fili: layu a damtse, guru a ƙugu, ya durƙusa ya shafi rairayi, ya zuba wani ruwa a ka. Jama'a sai su ce wannan ba ya kayuwa. Yanzu juya ka dubi abokin karonsa. Shi ma haka ya shigo, wataƙila layunsa ma sun fi yawa, kuma dole ɗaya ya faɗi. Jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa 10 kowacce, mutum 80 ke nan, ɗaya tak ke komawa gida da takobi. Abin da ido ke gani yana raba su shi ne numfashi, ƙarfin ƙafa, da sanin lokacin da abokin karo ya saki jiki. Yana damuna ƙwarai in ga yaro mai ƙashin kokowa ya zubar da kuɗin abincinsa wajen neman laƙani, ya bar atisayen asuba.

Girman jiki ma bai isa ba. A gasar takobi ba a raba mutane bisa nauyi, kuma sau da yawa an ga siriri ya ɗauke ƙafar ƙato.

Tsofaffin da suka ga karon 1975 da idonsu suna ta raguwa. Gidajen rediyon Madawa, Buza da Keita su je su naɗi muryoyinsu tun suna raye.