Mako Biyar ko Mako Uku: Gashin Sankarar Mama da Nisan Hanya daga Zurmi

Idan aka yi wa mace tiyatar sankarar mama, aka cire ƙullutun aka bar mata nononta, aiki bai ƙare ba. Da ɗinki ya warke, ko kuma da ta gama allurar kimo idan an rubuta mata, sai likita ya ce a tafi gashi. Tambayar farko da maigida ko ɗan'uwa kan yi ita ce, "Likita, kwana nawa za mu yi a can?" Shekaru da yawa amsar ɗaya ce, mako biyar. Yanzu akwai amsa ta biyu, mako uku, wani lokaci ma mako ɗaya. Ga macen da ke zaune a gefen asibitin koyarwa, wannan bambancin sauƙi ne kawai. Ga ta Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi kuwa, shi ne zai iya yanke hukuncin ko za ta kammala magani ko za ta bar shi a tsakiya.

Ga mafi yawan mata, gashin kansa ba shi da makawa bayan irin wannan tiyata. A 2011 masu bincike a Jami'ar Oxford sun tattara bayanan mata 10,801 daga gwaje-gwaje 17. Waɗanda aka cire musu ƙullutu ba a gasa ba, kashi 35 cikin ɗari cutar ta dawo musu cikin shekara goma. Waɗanda aka gasa, kashi 19 ne. Wuƙar likita takan bar ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, hasken injin ne ke bin su ya kashe. Saboda haka muhawarar ba ta a yi ko kada a yi ba ce. Ta yadda za a raba shi ce.

Tsohon tsari shi ne gire 50, wato ma'aunin ƙarfin hasken, a raba shi zama 25, gire 2 kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a. An gina shi a kan tunanin cewa idan aka ba da haske kaɗan-kaɗan, lafiyayyen nama zai samu sararin farfaɗowa tsakanin zama da zama, ƙwayoyin cuta kuwa ba za su samu ba. Tunanin yana da gaskiya a wasu cututtukan daji, kamar na maƙogwaro. Amma daga baya an gano cewa sankarar mama daban take: girman abin da aka ba ta a zama ɗaya yana taɓa ta kusan yadda yake taɓa naman da ke kewaye da ita. Tunda haka ne, tsawaita kwanaki ba ya ƙara wa lafiyayyen nama wata kariya. Abin da ya fi shi ne a ɗan ƙara na kullum, a rage jimillar gaba ɗaya. Daga nan gajeren tsari ya fito: gire 40 a zama 15, mako uku.

Ba a karɓi wannan da baki kawai ba. A Kanada an gwada mata 1,234, rabi a tsohon tsari, rabi a zama 16. Sakamakon shekara goma da ya fito a 2010 ya nuna cutar ta dawo wa kashi 6.7 na masu dogon tsari, da kashi 6.2 na masu gajere. A Birtaniya gwajin START-B ya ɗauki mata 2,215, kuma a 2013 aka ga cewa bayan shekara goma cutar ta dawo wa kashi 5.5 na masu mako biyar, da kashi 4.3 na masu mako uku. Ba zan ce gajeren ya fi ƙarfi ba, domin tazarar ƙarama ce. Abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne bai gaza ba.

Wurin da mutane suka fi tsoro shi ne illa, kuma tsoron yana da hujja a hankalce: idan an ƙara na kullum, ai ƙuna za ta ƙaru. Amma abin da aka gani akasin haka ne. Illar gashi iri biyu ce. Akwai ta kusa, wadda ke zuwa lokacin magani ko jim kaɗan bayansa: fata ta yi duhu, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule ta riƙa tsattsafo da ruwa, musamman a ƙarƙashin nono da hammata inda gumi ke taruwa, ga kuma kasala. Wannan ta fi bin jimillar hasken da aka sha, don haka mai gire 40 ta fi mai gire 50 samun sauƙi. Wani gwaji a cibiyar MD Anderson ta Amurka da aka buga a 2015 ya nuna masu gajeren tsari sun fi ƙarancin ƙunar fata da gajiya. Akwai kuma ta nesa, wadda ke bayyana bayan watanni ko shekaru: nono ya taurara, ya tsuke, ya kumbura, ko haƙarƙari ya riƙa ciwo. A gwajin START-B tsukewa da kumburi sun fi yawa a wajen masu mako biyar. Zuciya ma abin lura ce idan nonon hagu ne, amma abin da ke kare ta shi ne kyawun tsara hasken da kaucewa daga gare ta, wani lokaci da sa mace ta ja numfashi ta riƙe na ɗan lokaci. Yawan kwanaki ba ya cikin wannan lissafi.

Yanzu mu ɗora wannan a kan ƙasarmu. Mace daga Zurmi za ta fara ne da babban asibitin garinsu ko na Kaura, a tura ta Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan aka zo batun gashi, wuraren da aka daɗe ana tura mutanenmu su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, sai Asibitin Ƙasa na Abuja ga mai hali. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A taswira Katsina ba ta da nisa da Zurmi ta hanyar Gurbin Ɓore da Jibiya, amma duk mai bin wannan hanya ya san halin da take ciki, kamar yadda ɗan Shinkafi ya san hanyar Isa zuwa Sakkwato. Wanda ya zagaya ta Gusau, daga Kaura kusan kilomita 60 ne, daga Gusau zuwa Sakkwato kuma fiye da 200. Babu mai zuwa ya dawo kullum. Dole a tare a can.

Tarewa kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Mace ba za ta tafi ita kaɗai ba, sai da mai jinya, sau da yawa uwa ko ƙanwa, da namijin da zai yi zirga-zirgar takardu. Ga masauki, ga abinci, ga kuɗin mota, ga yaran da aka bari a hannun kishiya ko kaka. Idan damina ce, gona tana jira. Idan maigida ɗan kasuwa ne, kowace Alhamis da ta wuce bai ci kasuwar Shinkafi ba, asara ce a kan asara. A mako na huɗu ne ake jin ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu je gida mu nemo wani abu mu dawo." Shi kuwa gashi ba ya son yankewa. Idan aka tsallake kwanaki da yawa, ƙwayoyin da suka rage sukan farfaɗo. Haka nan injinan ƙasar nan kan lalace, wuta kan ɗauke, ma'aikata kan shiga yajin aiki, kuma duk kwanan da aka ƙara a jadawali, an ƙara damar da ɗaya daga cikin waɗannan zai faɗo a tsakiya. Mako biyu da aka rage, a wurinmu, wani ɓangare ne na maganin kansa.

Akwai kuma lissafin layi. Zama 75 a kan inji ɗaya mata uku za su ishe a tsohon tsari, amma a na mako uku mata biyar ne. Ƙasar da aka ƙiyasta ta samu sababbin masu sankarar mama fiye da 32,000 a 2022, injinanta kuma ba su taka kara sun karya ba, bai kamata ta riƙa kashe zama 25 a inda 15 suka isa ba.

To, me zai hana a tafi kai tsaye ga mako ɗaya? Gwajin FAST-Forward na Birtaniya, mai mutum 4,110 daga asibitoci 97, ya fito a Afrilun 2020, daidai lokacin da korona ta sa kowa ke gudun zaryar asibiti, don haka aka rungume shi da sauri. Gire 26 a zama biyar. Bayan shekara biyar cutar ta dawo a nono ga kashi 1.4, masu mako uku kuma kashi 2.1. Sakamako ne mai faranta rai, kuma ina fatan ya zama ruwan dare a Sakkwato da Zariya. Amma akwai abin da nake so a tsaya a kansa. A gwajin akwai rukuni na uku da aka ba gire 27, ƙarin ɗaya tal. Illa matsakaiciya ko mai tsanani a nono ta kai kashi 15.4 a wajensu, alhali masu 26 kashi 11.9 ne, masu mako uku kuma 9.9. Kamar takin zamani ne, ɗan abin da ya wuce awo sai ya ƙone shuka. Ma'ana, tsarin mako ɗaya yana bukatar hoton sitisikan na tsara magani, da inji mai daidaitaccen awo, da ƙwararren masanin awon haske da ke duba shi. Kuskuren rana ɗaya a zama 25 yakan narke cikin sauran. A zama biyar, kashi ɗaya cikin biyar ne na maganin gaba ɗaya.

Abu na biyu, matan da aka gwada a Birtaniya yawancinsu sun haura shekara hamsin, ƙullutunsu ƙanana ne, an gano su da wuri. Namu sau da yawa 'yan shekara arba'in da wani abu ne, wasu ma suna goyo, kuma mafi yawa ba sa isa asibiti sai ciwo ya yi nisa, bayan an sha sassaƙe an gaji da shafe-shafe. Irin waɗannan cire nono duka ake yi, kuma gashin yakan haɗa da kaluluwar hammata da ta saman ƙashin wuya. A nan ma gajeren tsari yana da shaida, amma na mako uku ne: a birnin Beijin na Sin an gwada mata 820 da aka cire musu nono, kuma a 2019 aka ga dawowar cutar kusan ɗaya ce, kashi 8.3 a gajere, 8.1 a dogo, ƙunar fata mai tsanani kuwa kashi 3 a gajere, kashi 8 a dogo. Mace mai ƙuruciya kuma akan ƙara mata wasu zama a daidai gurbin ƙullutun, don haka "mako ɗaya" kan iya zama biyu.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ba a cika faɗarsa ba. Ƙunar fata takan kai ƙololuwa ne mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe. Mai dogon tsari tana gaban ma'aikatan gashi lokacin da fatarta ta fara canzawa. Mai gajere tana gida, a Moriki ko Badarawa, watakila cikin zafin bazara. Littattafan likitanci kuma da jan fata suke auna ƙuna, alhali a fatarmu duhu take yi, har sai ta saɓule kafin wanda bai saba ba ya lura. Idan ba a gaya mata tun farko ba, za ta ɗauka ciwon ne ya dawo, ko a shafa mata man zafi ko garin magani a kan fatar da ke neman iska da tsafta. Wannan nauyi ne da gajeren tsari ke ɗora wa asibitocin Kaura da Shinkafi da Zurmi. Ya kamata mace ta dawo da takarda mai bayyana abin da aka yi mata, da lambar wayar da za a kira, kuma a samu nas ko ɗaya a kowane babban asibiti da ta san fatar da aka gasa. A kuma gaya wa dangi a fili cewa hasken ba ya zama a jiki: za ta iya ɗaukar ɗanta, ta yi girki, a ci abinci kwano ɗaya da ita.

A ganina, mako uku shi ya kamata ya zama abin da ake fara ba kowace mace da ta cancanta, kamar yadda ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ta ba da shawara tun 2018 ga masu gashin nono gaba ɗaya. Mako ɗaya ya dace da wadda aka gano ciwonta da wuri, a cibiyar da ke da kayan awo da ma'aikatan da za su tsaya masa. Mako biyar bai mutu ba, akwai yanayin da likita zai zaɓe shi da dalili, amma dalilin ne ya kamata a ji. Idan aka rubuta zama 25, babu rashin ladabi a ce, "Likita, don Allah ko za ta iya yin na sha biyar? Daga Zurmi muke."