Sauro da ƙwarin gida: yadda za mu kare iyalinmu

Kowa ya san da zarar damina ta kankama, daga watan Yuli zuwa Oktoba, gidajen likita na Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan cika da yara masu masassara. Wasu na ɗora laifin a kan cin tumu ko shan sabon nono. Gaskiya ne lokacinsu ɗaya, amma ba su ne sanadi ba. Tun shekarar 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro.

Macen sauro ce ke cizo, domin sai ta sha jini ƙwanta ke ƙosawa. Idan ta ciji mai masassara, sai ta kwashi ƙwayar cutar, bayan kwana 10 ko fiye ta zuba ta a jinin wani. Ƙwan nan a ruwa kwance take saka shi. Cikin zafi irin namu, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama sauro mai tashi. Ke nan ruwan da ya yi mako guda a tsakar gida ya riga ya zama maƙyanƙyasa.

Saboda haka kowane mako maigida ya zagaya gidansa. A kife fasasshen tulu da gwangwani, a huda tsohuwar taya, a rufe randa, a buɗe wa ruwan wanka hanya. Sauron da ke kawo masassara ya fi son ruwan sama da rana ke duka, kamar na ramin da aka haƙi ƙasar gini, har ma da sawun shanu a bakin tabki. Tabki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ƙananan ramu samarin unguwa na iya cike su da hantsi guda.

Wannan sauro cikin dare yake cizo, shi ya sa babu kariya kamar sange mai magani. A shekarun 2005 da 2006 an raba sange wajen miliyan 2 a Nijar, kuma an sake rabawa sau da yawa bayan haka. Abin takaici, sai ka tarar da shi an shinge lambu, ko yana ninke cikin akwati ana jiran baƙo. Sabon sange a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In ya yage a ɗinke. A wanke shi da sabulu na gari ba tare da jabel ba, a shanya a inuwa, don rana na rage ƙarfin maganin. Yakan yi kamar shekara 3. Idan bai ishi kowa ba, mai ciki da ƙananan yara ne kan gaba, ko da a waje ake kwana.

Tun 2013 ake ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi a watannin damina. Kowane zagaye kwana 3 ne: ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran biyun a hannun uwa, kuma a nan ake yawan sakaci. A 2024 an fara allurar rigakafin masassara a ƙasarmu, sai dai ba ta maye gurbin sange ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a ranar, a gwada jinin yatsarsa. In yana fizge-fizge, ko ya kasa shan nono, kada a jira gari ya waye.

Ƙuda da kyankyaso kuwa, abinci buɗe da shara da salga marar murfi ke tara su. Kuɗin cizo yana ɓuya a tsagar gado da bango; a zuba wa gado tafasasshen ruwa, a baza shimfiɗa a rana, a liƙe tsagar.

Hattara da maganin gona da piya-piya da ake saidawa a kwalba ba takarda. Guba ne, ba na ɗakin kwana ba ne, kuma yaro na iya ɗaukarsa abin sha. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake tana fitar da iska mai kisa, don haka kada kowa ya kwana ɗaki ɗaya da buhun. Wanda ya sha ko ya shaƙi irin wannan guba, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A fitar da shi sarari, a garzaya likita tare da kwalbar.